Jawabin da Na Yi wa Baturen Rijiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tare wani Bature a Kajiji. Lokacin sojoji sun kifar da gwamnatin farar hula, an kwashe 'yan siyasa, har da yayana Umaru, ɗan ƙaramin sakataren jam'iyya a Bodinga. Wata bakwai yana tsare, ba kotu, ba bayani.

Sai muka ji a rediyo cewa ƙasashen waje sun damu da yadda ake tsare mutane ba shari'a, har ana maganar turo masu bincike. Ni malamin firamare ne, ni ne mai Turancin gidanmu (kada dai a tambayi sau nawa na faɗi jarrabawarsa). Na rubuta jawabi shafi uku, na haddace shi tsaf.

Ran nan wani direba ya ce ya ga Bature a Kajiji yana ta rubuce-rubuce. Na zura rigar Sallah, na ari babur, na goya Kawu Sani a matsayin shaida. Muka tarar da shi tsakiyar jama'a. Ko sallama ban yi ba, na ɗaga yatsa sama na fara zuba. 'Yanci, adalci, haƙƙin ɗan Adam, ba abin da na bari. Na yi gumi, har na yi ƙwalla. Kawu, da bai jin ko kalma ɗaya, yana ta cewa, "Ƙwarai kuwa!"

Da na kai aya, Baturen ya dube ni da tausayi, ya ce da Sakkwatanci tsantsa, "Mallam, Allah shi hidda shi. Amma ni rijiya niz zaka dubawa."

Wurin ya kece da dariya. Kawu ya sulale bayan mai rake.

Na so ƙasa ta tsage, amma ban motsa ba. Na ce, "To ranka ya daɗe, wa zan kai wa?" Sai ya rubuta mini adireshin wasu masu kare haƙƙin ɗan Adam a ƙasarsu. Duk wata sai na aika musu wasiƙa, har aka sako Yaya bayan shekara guda. Ko wasiƙun ne, ko gajiya aka yi da ciyar da shi, Allah masani.

Yanzu nakan tambayi mutum sana'arsa kafin in buɗe baki. Amma in ɗan'uwana na tsare, ko mai gyaran takalmi ne, sai ya ji shafi ukun nan.