Ranar da Na Rataye Likita

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a ba, ko da yake na sha gwadawa. Watan Afrilu ne na 1968, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, a rumfar ƙofar gidan Baba Sambo, a ƙauyenmu na Hausawa da ke kusa da garin Hajj Abdalla, cikin Larabawan yankin Jazira. An gama tsinkar auduga, kowa yana da sarari. Maza ashirin da uku ne a kan tabarmi. Mata suna bayan danga, ba a ganinsu amma ana jinsu sarai. Ni kuma ina kan kujera ɗaya tilo da ke wurin, da littafi a hannu.

A lokacin ina koyarwa a makarantar ƙauyen, shekarata ashirin da huɗu. Hausar da na tashi da ita ta Sakkwato ce, gauraye da Larabcin Jazira, amma na manne wa akwatin rediyo har na kwaikwayi muryar masu karanta labarai. (Ko ruwa zan roƙa a gida, sai na gyara murya tukuna.) Kowace Juma'a bayan la'asar nakan karanta wa jama'a jerin littattafan wani ɗan sanda mai bincike, Sufeto Nazmi, waɗanda ake bugawa a Masar. Usman direban lori ne ke samo mana su na hannu a kasuwar garin Madani. Mun riga mun karanta sha ɗaya.

Ƙa'idodina biyu ne. Ta farko, in karanta sakin layi da Larabci, sannan in juya shi da Hausa, domin Larabcin littafi ba shi ne na kasuwa ba, dattawa ba su cika kama shi ba. Ta biyu, ba na leƙa gaba. Na yi wannan alkawari a gaban kowa, don mu yi ta cankar mai laifi tare.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa wannan kujera take da nauyi. Ni ne ke karanta wa rabin ƙauyen wasiƙunsu da takardun ofishin gona. Wasiƙar ɗan Baba Sambo da ke aiki a Makka ma a bakina yake jin ta. Abin da na ce takarda ta ce, shi ne ta ce, babu mai dubawa.

A littafi na sha biyu an kashe wani attajiri a gidansa a Iskandariyya. Mutum biyu ake zargi: likitan gidan da mai kula da lambu. Juma'a uku muna gardama. Ni na tsaya a kan likita. Baba Sambo kuwa tun a ta biyu ya ɗaga sandarsa.

"Ustaz, maido min wurin nan. Yaushe mai lambun ya ce shina ban ruwa?"

"Daga azahar zuwa la'asar, Baba."

"A bazara?"

"A bazara."

"To ƙarya shikai. Auduga a hawasha, gonar ban ruwa, daban, ita daga ƙasa taka shan ruwanta. Amma fure da ɗanyen dashe, ka zuba musu ruwa a ka da rana tsaka? Dafa su za ka yi. Wanda ya san lambu ba ya haka. In ya ce can yake, ba can yake ba."

Na yi murmushin da har yau nake jin kunyarsa. "Baba, da girmanka, waɗannan littattafai suna da tsari. Marubuci ba ya ɓata shafi ɗari a kan mai lambu. Mai laifi kullum mai ilimi ne wanda ba a zato."

"Tayyib," in ji shi. "Mu gani."

To, ranar Juma'ar da nake ba ku labari, mun zo gani ɗin. Sufeto ya tara mutanen gidan a falo, ya rufe ƙofa, ya ce yanzu zai bayyana yadda aka yi. Nan shafi na ɗari da sha biyu ya ƙare. Na juya. Babu na ɗari da sha uku. Bangon baya ne kawai, da tallan sabulu, mace tana dariya riƙe da shi. Wani ya yage ƙarshen littafin tun kafin ya iso hannuna.

Mutumin kirki zai ɗaga littafin ya nuna wa jama'a. Na yi tunanin haka na kamar daƙiƙa biyu. Sai na hango Baba Sambo ya jingina haɓarsa a kan sanda yana jira, na kuma tuna murmushin nan nawa.

"Jama'a," na ce, "magariba ta gabato. Zan tsallake Larabcin."

Minti goma ina kallon matar sabulu ina zuba Hausa. Na sa Sufeto ya nuna likita da yatsa. Na samo kwalbar guba a jakarsa. Na kai shi kotu, na yanke masa hukunci, na rataye shi da asuba, har da kalmomin nadama na ƙarshe. (Gaskiya ban taɓa yin fassara mai santsi kamar wannan ba.)

Daga bayan danga Gwaggo Hauwa, ƙanwar Baba Sambo, ta rafka salati. "Yaron da ke gaida uwarsa kullum da safe? Kai, duniya!"

Baba Sambo ya dogara sandarsa ya miƙe. Ya ce, "To. Ashe tsufa ya kama ni." Ya shiga gida.

Abin bai tsaya a rumfar ba. Gwaggo Hauwa ta ƙi komawa ɗakin shan magani a ƙarasa mata allurarta, wai ta daina yarda da masu farar riga. Wani maƙwabcinmu ya raɗa wa jakinsa mai cizo suna Likita. Samari kuma in sun ga Baba Sambo a bakin lambunsa na albasa sai su ce, "Sufeto, an yi ban ruwa?" Yakan yi dariya, amma ba ta kaiwa ciki. Ni kuwa na cusa littafin a ƙasan akwatina, na ce magana ta mutu.

Bayan mako uku Usman ya kawo na sha uku. Aka cika rumfa. Baba Sambo ya zauna can baya. Na gyara murya, na buɗe shafin farko, na fara da Larabci kamar kullum.

Ga illar muryar rediyo: baki yana karatu, kunne kuma yana sauraren daɗin muryar, ma'ana sai daga baya. Na karanta sakin layin duka, da tsayawa a kowane waƙafi, kafin in gane abin da na faɗa. Sufeto Nazmi yana shan gahawa a ofis, sai ƙofa ta buɗe, abokinsa likita ya shigo, yana cewa har yanzu yana tuna fuskar mai lambun nan ranar da aka rataye shi.

Samari masu jin Larabcin littafi suka kalli juna. Sai Usman ya kife a kan tabarma yana dukan ƙasa.

"Mi ya ce?" in ji Baba Sambo. "Ustaz, juya muna."

"Wataƙila wani likitan ne daban, Baba."

"Ya zol, kai mutumin nan, ji tsoron Allah!" in ji Usman yana share hawaye. "Suna guda, Iskandariyya guda. Baba, mai lambu aka rataye. Likita ga shi nan ya zo shan gahawa."

"Ya tashi?" Gwaggo Hauwa ta yi ihu daga bayan danga.

Usman ya ce, "Gwaggo, ai ba a Masar aka rataye shi ba. A rumfar nan aka rataye shi."

Na je gida da ƙafata na ɗauko littafin, na dawo na miƙa. Ya zaga hannu hannu, har ta saman danga. Baba Sambo ya ƙura wa bangon littafin ido.

"Ashe duk shari'ar nan a jikin sabulu ka karanto ta."

Aka sake fashewa. Ya bari dariyar ta lafa, sannan ya yi magana a hankali.

"Ustaz, takardar ɗana ta Makka, wadda ka ce ta ce shina lafiya. Ita ma akwai sabulu a ciki?"

Wannan karon babu wanda ya yi dariya. Na rantse. Ya ce rantsuwa tana da kyau, amma a ɗauko takardar. Aka ɗauko. Usman ya karanta ta a gaban kowa, yana tuntuɓe a kowane layi, ni ina tsaye kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa. Ta fito daidai da yadda na karanta masa, kalma da kalma.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba Sambo. "Zauna. Ka faɗi da Hausa wa ya kashe attajirin, da muryar nan taka, yadda na bayan danga za su ji."

Na gyara murya na ce, "Mai lambu ne."

"Ban ji ba. Tsufa."

Sai da na faɗa sau uku.

Abin da na koya shi ne, in za ka rataye mutum a littafin da ke da ci gaba, ka fara tabbatarwa marubucin ba ya bukatarsa nan gaba. In kuma shafi ya ƙare, ka ce ya ƙare. Kunyar ba ta wuce ta minti ɗaya.

Kusan shekara guda duk wasiƙar da na karanta sai an kai wa Usman ya maimaita. Mun ci gaba da Sufeto Nazmi har littafi na sha tara. Kafin a fara kowanne, Baba Sambo yakan karɓa ya buɗe shafin ƙarshe, ya nemi kalmar "tammat" da yatsarsa, sannan ya miƙo mini.