Anti A-Yi-Hattara

Duk unguwar Ƙofar Sauri babu mai tausayi kamar Anti Hafsat. Ba irin namu na gado ba, nata tausayin mai takardar shaida ne. Kwana uku ta yi a wani otal a Abuja tana koyon lallashin zukata, takardar kuma tana rataye a falo, sama da hoton aurenta. Tun daga nan muke kiranta Anti A-Yi-Hattara, a bayan idonta.

Ita ce shugabar guruf ɗin danginmu na waya. Ni ce mataimakiya, don na yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma ban iya cewa a'a ba. Dokarta ɗaya ce: duk abin da zai sosa rai, a sa gargaɗi a samansa.

"Mutanenmu ba su waye ba," in ji ta. "Zuciya ƙwai ce. Mu da muka je muka gano, wajibi ne mu riƙe ta da ilimi."

Da babbar Sallah ta kori Kawu Mahmud daga guruf, don ya sa hoton rago ana fiɗa babu gargaɗi. Da hagu ta rubuta hukuncin, damar tana cikin kwanon hanta. A wani taron suna kuwa ta tsayar da hira cak, ta tambayi Sadiya, mai shekara biyar da aure ba haihuwa, ko kukan jaririn yana taɓa mata zuciya. Kafin tambayar babu wanda ya kalli Sadiya. Ni na gyaɗa kai, na ce ai haka yake a littafi.

Ranar wata Talata da hantsi Kawu Yahaya ya rasu. 'Yarsa Madina tana makaranta a Zariya. Yayarsa Inna Mairo, wadda ko aji ɗaya ba ta taɓa shiga ba, ta kira ta: "Jikin babanki ya ɗan matsa, yana nemanki. Shigo mota." Ta juyo gare mu. "Kada wanda ya hwaɗa mata. Sai ta zamna gabana, na riƙe hannunta."

Bayan Madina ta shiga mota, Anti ta ja ni ɗaki. "Wannan ɓoye-ɓoye tsohon yayi ne. Dangi suna da haƙƙin sani, amma cikin tsari. Rubuta."

Na rubuta: GARGAƊI! Saƙon da ke ƙasa ya ƙunshi rasuwar Kawu Yahaya. Mai raunin zuciya kada ya karanta.

Na san Madina tana cikin guruf ɗin, ni na sa ta da hannuna. Maganar ta zo har bakina, digiri da kunya suka yi kokawa, kunya ta kayar. Abin da na iya ƙarawa shi ne alamar ja guda uku, saboda kyau. Anti ta yaba, na ji daɗi, na tura guruf.

Minti biyu ba su cika ba amsar Madina ta shigo daga cikin mota, ita kaɗai tsakanin baƙin fuska, da sauran tafiyar awa uku.

"Na gode da gargaɗi, Anti. Ban karanta na ƙasan ba."

Anti ta miƙo mini wayar, fuskarta fal alfahari.

"Kin gani? Ya yi aiki."