Ranar da Na Sunkuya wa Ƙwallo

Ba zan taɓa mantawa da wata Juma'a a Hay el-Sabi', unguwarmu ta ɗalibai a Masar, ba, ko da na so in manta, abokaina ba za su bari ba.

Habibu ne ya ja mini, abokin ɗakina kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallonmu ta ɗaliban Najeriya. Shi ya kunna mana wani fim na 'yan wasan Amurka, masu sa hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Wani likita a fim ɗin ya gano cewa yawan bugun kai yana lalata musu ƙwaƙwalwa, har ƙato ya manta sunan ɗansa. Kowa ya kalla ya tashi abinsa. Ni kuwa na fara yi wa kaina tsoro, domin jarrabawar haddar Alƙur'ani ta matso, kuma wanda ya faɗi, tallafin karatunsa na iya tafiya.

Ga shi a filin ƙwallo ba ni da wani amfani sai kai (ƙafafuna na zuwa masallaci ne kawai). Tsawona ya sa ake ajiye ni a baya. Na je wa Habibu da maganar, ya ce wasansu daban namu daban. Na ce ai kai duk kai ne. Muka rabu a kan zan buga wasan ƙarshe na cin kofi da Hausawan Sudan, daga nan in yi ritaya.

Ranar wasan, ana gab da tashi, muna kunnen doki, suka samu bugun kwana. Ƙwallo ta taso tiryan-tiryan zuwa goshina. Habibu yana ihu, "Yalla, ya Shehu, sa kai!" Ni kuwa sai na ga izu sittin suna zubewa a ƙasa. Na sunkuya. Ƙwallo ta wuce ta samana ta faɗa raga, ni kuma garin sunkuyawa na gwabza goshina da turken ƙarfe na raga.

Da na buɗe ido, mutane sun yi mini rumfa, har da wani tsoho Bamasare mai sayar da shayi yana ta "ma'alish", wato sannu. Abin da na fara cewa shi ne haddata ta tafi. Habibu, ransa a ɓace, ya ce to a gwada. Ya jawo mini aya daga tsakiyar Alƙur'ani ya ce in ci gaba. A gaban kowa, da ƙulu a goshi, na karanta ayoyi biyu na cije. Na koma baya, na sake cijewa a wuri ɗaya.

'Yan Sudan suka fara tausaya mini, wani har yana neman tasi a kai ni asibiti. Sai Habibu ya ce, "Khalas, ku bar shi, lafiyarsa lau. A nan yake cijewa tun azumin bara."

Wallahi na fi jin zafin wannan a kan turken. Abin haushin kuma gaskiya ya faɗa. Likita ya duba ni washegari ya ce ƙulu ne kawai.

Kofi ya tafi, suna ya zauna, har yau Shehu Mai Ruku'u suke kirana. Maganar fim ɗin ban ƙaryata ba, kai abin lallaɓawa ne. Sai dai na gane kafin mutum ya tsaya gadin abin da ke cikin kansa, ya fara leƙawa ya ga ko yana nan.