Goyon da Ya Kayar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je Kano neman gurbin karatu ba. Har yau in abin ya faɗo mini, ko a kan sallaya nake sai na rufe fuska.

A shekarun saba'in ne, muna zaune a Gagarawa Tasha. Ɗana na fari, Habu, ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana rarrafe. Da aka ce kowane yaro ya shiga firamare, sa'anninsa suka tafi, shi kuwa hedimasta ya ce mini, "Ki yi haƙuri, ba mu da malamin da ya san yadda ake koya wa irinsa." Na kwana biyu ban ci abincin kirki ba.

Sai Yaya, wana da ke aiki a Gumel, ya zo da labarin ana ɗaukar mutane kwas na koyar da makafi. Sharuɗɗan da tsauri: takardar malanta, shaidar ka taɓa riƙe aji, sannan a gana da kai a gwada ka. Ni sakandare na gama, na ɗan koyar kafin aure. Yaya ya yi ta bin manya har aka yarda a gwada ni don mata sun yi ƙaranci. Ya ce, "Sau ɗaya za su kira ki. Kada ki zubar mini da mutunci." Maigida ma ya ce in dai don Habu ne, in je. Na bar yaron wurin Inna, surukata, na hau jirgin ƙasa ina ta addu'a.

Mutum uku ne a kan tebur, maza biyu da wata dattijuwar malama mai tabarau. Tambayoyin baki na amsa su tsaf (har na fara hango kaina da alli a hannu, Allah Ya yafe mini). Sai aka shigo da wata yarinya makauniya mai suna Ladi, za ta kai shekara goma. An warwatsa kujeru a tsakar ɗakin, ga bokiti cike da ruwa, ga takalmanta can jikin bango.

Malamar ta ce, "Ki koya mata yadda za ta je ta ɗauko takalmanta."

Na dubi fuskar yarinyar nan, sai na ga zanen ƙyanda irin na Habu. Ta miƙa ƙafa ta nufi wajen kujera. Wallahi ban san lokacin da na ce "Wayyo 'yar nan!" ba. Na warware gyalena, na durƙusa, na sungume ta na goya, na tamke. A gaban manyan mutane! Ƙafafunta na reto har gwiwata. Na kama hanya ina kewaye kujeru, hawaye na zuba, har da ɗan jijjiga ta (wannan jijjigar ce ta fi ci mini rai).

"Malama, lafiya? Ki sauke ni mana, na fa san ɗakin nan!"

Ban ji ba. Hawaye ya rufe mini ido, ni mai idon, na yi karo da bokitin. Ruwa ya malale har ƙarƙashin teburinsu, ɗaya daga cikin mazan ya ɗage ƙafafu yana tattare babbar riga. Daga bayana Ladi ta ce a hankali, "Ai da kin bi ta dama."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Malamar ta cire tabarau ta ce, "An ce kina da yaro makaho. Shekararsa nawa?"

"Bakwai."

"Da ƙafarsa yake zuwa bakin randa?"

Na durƙusa na shiga kwance goyo.

Ta ce, "'Yata, masu tausayinsu sun yi musu yawa. Malami suka rasa."

Ba a ɗauke ni ba. Da shekara ta zagayo aka ce ba za a ƙara duba wanda ba shi da takardar malanta ba, ƙofar ta rufe ke nan. Yaya ya daɗe bai tako gidana ba.

Ranar da na dawo, Habu na jin sallamata ya ɗaga hannuwa yadda ya saba, a ɗauke shi. Na tsaya a bakin zaure na damƙe gyalena, na ce, "Taho da ƙafarka, ga ni nan." Ya taho, ya buge da turmi, ya fashe da kuka.

Inna ta ce, "Ke! Abin da kika koyo a Kanon ke nan?"

Na ce, "Shi kaɗai, Inna."

Na fi shi kuka, amma ban motsa ba har ya iso ya kama zanena.

Yau Habu shi yake kai kansa masallaci, har kasuwar Maigatari yana zuwa. Amma bai taɓa zama a aji ba, kuma na san daga bayan wa karatunsa ya zame ya faɗi. Abin da na tsira da shi bai fi wannan ba: duk ranar da na ji tausayi ya taso mini, sai in fara neman wuri in zauna a kan gyalena.