Ranar da Aka Tafi Aka Bar Ni

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta tsakiyar damina ba, ranar da na tabbatar wa kaina cewa duniya ta tashi, an kwashe mutanen kirki, an bar ni daga ni sai awaki. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Mutanen garinmu dariya suke yi in an tayar da zancen. Ni ma nakan taya su, amma tawa ba ta nisa.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Tasawa, shi ya sa kowa ke ce mini Mushe, yadda ake kiran malami da Faransanci. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Urafane, kuma mu Kirista ba mu fi gida tara ba a cikinsa. Muna da 'yar majami'armu ta laka mai rufin kwano, da farantin sola guda a samanta, wanda rabin gari ke kawo salula caji a jikinsa. Fastonmu ya tsufa, murya ta fara gaza shi, don haka in na zo ƙarshen mako yakan ba ni mumbari. (Kuskurensa ke nan. Mutumin da ya saba yara sittin su yi masa tsit bai kamata a ƙara masa da mumbari ba.)

A shekarar nan abu ɗaya ya shiga kaina, wato ƙarshen zamani. Ruwa ya yi jinkiri, hatsi ya yi tsada, kullum sai ka ji labarin an tare hanya ko an kore shanun wani. Na haɗa wannan da wancan na ce ai alamu sun cika. Lahadi uku a jere ina wa'azi a kan dawowar Almasihu: za a busa ƙaho, a fyauce waɗanda suka shirya, a bar waɗanda suka yi sake. Ina faɗa ina nuna mutane da yatsa. Na ce kada kowa ya kwana da gaba a zuciyarsa, kada kowa ya ce sai gobe. Har da wata tsohuwa, Baba Ladi, na sa ta kuka, matar da ko kaza ba ta taɓa yi wa tsawa ba.

Abin da ban faɗa a mumbari ba shi ne, shekara uku ke nan ba na magana da yayana Iliya, uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu an raba mana gona, aka dasa layin gamba a tsakani ya zama iyaka, kamar yadda ake yi. Da ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, na je da hauya na tumɓuke gambar da saiwarta, na matsar da ita cikin gonarsa na sake dasawa. Gamba ba ta da gardama, kwana goma ta kama kamar a nan aka haife ta. Da Yaya Iliya ya yi magana, na tsaya gaban dattawa na ce idonsa ne ke yi masa gizo, har na kira shi mai haɗama. Tun ranar na hana matata Rahila taka gidansa. Da aka ce mini ƙafafunsa sun kumbura, ya kasa noma, cewa na yi Allah ya sawwaƙe, na ci gaba da shirya wa'azina.

To, ranar Asabar ɗin. Lakwal na hutu, amma na tsaya a Tasawa ina ba yara darasin hutu, Rahila da yaranmu suna ƙauye. Na taso da safe a kan moto, wato babur, da azumi a bakina, da farar riga da takalmin wa'azi, kaina cike da kashi na huɗu na ƙarshen zamani. Hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa ja. Saura kaɗan in shiga gari sai na ji wata busa doguwa daga nesa, ta ratsa ƙarar moto ta shige mini ciki. Na tsaya na kashe moto. Aka sake busawa. Daga nan shiru.

Na shiga gari ina tura moto da hannu, don ƙafata ta kasa tayar da ita. Gidana a buɗe, ba kowa. Turmi ga shi da hatsi a ciki, taɓarya a jingine. Na leƙa gidan maƙwabci, ba kowa. Na ce bari in duba Baba Ladi, don ita shekara biyu ke nan ba ta wuce ƙofar gida sai ranar Lahadi. Tabarmarta na nan a shimfiɗe, ƙoƙon ruwanta a gefe, ita babu.

Na ruga majami'a. A kan bencin gaba na tarar da rigar Fasto, wandonsa a ƙasanta, takalmansa a jere a ƙasan wandon, tabarau a kan rigar. Komai na Fasto na nan in ban da Faston. Na ciro salula na kira Rahila, sai na ji tata tana kuka a bayana, a kusurwar da ake caji. Na kira Fasto, tasa ma ta amsa daga kusurwar. Na kira mutum na uku, haka. Ina tsaye ni kaɗai cikin ɗakin Allah, wayoyin tsarkaka suna ta kuka ba mai ɗauka.

(Na sani, na sani. Mai karatu zai ce, to Mushe, sauran mutanen gari fa, maƙwabtanku Musulmi da ba su cikin lissafin wa'azinka, su ma ai ba ka gansu ba, bai isa ya sa ka yi tunani ba? Ya sa ni tunani mana. Cewa na yi, wato har su an tafi da su an bar ni.)

Na durƙusa na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Ban tsaya tambayar dalili ba, don na san dalilin, yana can a gona ya yi kore shar. Kuma maimakon in yi tubana tsakanina da Ubangiji kamar mai hankali, sai halin malanta ya motsa, na ce dole in gargaɗi sauran da aka bari. Muna da gurup na 'yan ikilisiya a salula, har da 'yan'uwa da ke ci-rani a Maradi da Agadas da Libiya. Na danna na yi vokal, wato saƙon murya, na minti shida.

Ba zan maimaita shi duka ba, ai akwai masu shi a waya har yau. Ya fara da, "'Yan'uwa, duk wanda ke jin muryata, an bar mu." Ya bi ta kan ƙananan zunubai, har da naman da na ci a ɓoye ranar wani azumin ikilisiya. Sannan ya zo kan babban: "Ni ne na matsar da gambar Yaya Iliya. Taku uku na ci masa. Na yi ƙarya gaban dattawa. Shi an ɗauke shi, ni ga ni." Sauran duk majina ce.

Na tura ke nan sai na ji sallama a ƙofa. Inna Hajo ce, Bafulatanar da ke kawo mana nono daga ruga tun ina yaro, da ƙwaryarta a ka. Na rarrafa wajenta na ce, "Inna, ke ma an bar ki?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa ya bar ni? Mushe, lahiya kake?"

"Mutane, Inna. Duk sun tafi."

"To ai suna gonar yayanka. Gayya anka yi mishi, maimai ya wuce shi, ciyawa za ta cinye hatsin. Ba ka ji ƙahon Ɗan Tani ba? Tun da hantsi shike busa. Har tsohuwar nan sun ɗora bisa amalanke ta riƙe musu jarirai. Ni ma can za ni da nono."

Ƙahon gayya. Ƙahon da na tashi ina ji tun ban san hannun dama ba, wanda ake busa wa manoma su yi zuciya. Zaman birni da wa'azin kaina sun sa na manta da shi sarai. Fasto kuwa kayan gona ya sa, ya bar na kirki a benci. Ba wanda ya gaya mini za a yi gayyar, don kowa ya san ni da Iliya, Rahila ma ta fi kowa sani.

Na yi wuf zan goge vokal ɗin, rezo, wato sabis ɗin waya, ya ce bai san zancen ba. Kafin ya dawo, wani ɗan baffanmu da ke Agadas har ya amsa: "Mushe, mu ma nan an bar mu, muna shan shayi. Amma zancen gamba mun ji shi da kyau."

Na so in hau moto in koma Tasawa, in nemi a yi mini canjin lakwal zuwa wani wuri mai nisa. Inna Hajo ce ta hana, ba da wata magana ba, tsayawa kawai ta yi a ƙofa tana jirana. Haka na bi bayanta, ita da ƙwarya, ni da farar riga. Ina tafe ina lallashin kaina cewa ai wayoyinsu na majami'a, ba wanda ya ji tukuna.

Ɗan Tani mai ƙaho ba ya cikin gurup ɗinmu, amma ɗan baffan nan abokinsa ne, ya tura masa vokal ɗin, shi kuwa wayarsa na aljihunsa. Tun daga nesa na ga an ajiye hauya, an taru ƙarƙashin aduwa. Da na matso sai na ji muryata tana fita daga tsakiyar taron, tana jan majina, tana cewa an bar mu. Maza da mata, Kirista da Musulmi, gari guda. Wasu sun toshe baki da gefen zane. Fasto ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa, ban sani ba ko addu'a yake yi. Rahila ta juya mini baya. Da aka zo wajen naman azumi wani ya kasa daurewa ya faɗi ƙasa. Da aka zo wajen gamba kuwa dariyar ta ɗauke ɗif.

Yaya Iliya na kwance a kan tabarma a gindin itacen, an tokare masa baya da buhu. Shekara uku ina ganinsa daga nesa a majami'a, ban taɓa duban fuskarsa ba sai ranar. Ya rame har na ga kamannin mahaifinmu a kwanakinsa na ƙarshe. Ya ɗaga hannu ya yafito ni, na je na durƙusa.

Ya ce, "Taku ukku ka ce?"

Na ce, "I, Yaya."

"Huɗu ne. Na auna."

Aka sake fashewa da dariya, shi ma ya yi har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya kama hannuna ya rage murya. "Ni ba gonar ta dame ni ba, ƙanena. Ka ga ko wadda ke gare ni na kasa nomewa. Jira nike ka zo ka gaishe ni. Na yahe maka tun tuni. Amma ka maida gambar nan yanzu da ƙasa ke da ruwa, in gani da idona, kada 'ya'yanmu su gaji wannan abu."

Na yi kuka na biyu a ranar, na rantse zan mayar. Aka miƙo mini hauya na shiga layi da takalmin wa'azi, kafin azahar hannuna ya yi bororo, hadarin nan kuma ya watse ko ɗigo bai zubar ba.

Da labarin ya tsaya a nan da na ji daɗin ba da shi. Washegari na je iyakar da hauya, na tsaya na dubi taku huɗun nan. Hatsina ne a ciki, ya kai gwiwa, ya fi na ko'ina kyau a gonar. Na ce a raina, ai ba a tumɓuke iyaka cikin shuka, bari a yi girbi tukuna, wata biyu ne kawai. Ni da na yi Lahadi uku ina hana mutane cewa sai gobe. Na riƙa zuwa gaishe shi, ina kai masa magani daga Tasawa. Sau biyu ya tambaye ni gambar, sau biyu na ce masa an kusa.

Ya rasu wata Talata da hantsi, saura kwana kaɗan a fara girbi. Ina gaban allo a Tasawa aka kira ni. Ba a busa komai ba, sama ba ta yi ja ba, rana ce kamar kowace rana.

Bayan an share makoki na je na mayar da gambar. Ƙasa ta riga ta bushe, sai da na yi ta jido ruwa a jarka ina zuba mata, duk da haka rabi ta mutu. Matarsa ta tsaya daga nesa tana kallona. Hatsin taku huɗun na ɗaure na kai rumbunta, ta karɓa ta yi godiya, godiyar da na fi son a zage ni a kanta.

Har yanzu na gaskata Ubangiji zai dawo, kuma ba wanda ya san ranar. Amma na bar wa Fasto wa'azin ƙarshen zamani, ni yanzu a bencin baya nake zama. In wani ya tambaye ni yadda ake shiri, nakan ce masa abu biyu na koya. Na farko, in ka ga gari ba kowa, ka tambayi mai nono kafin ka yi vokal. Na biyu, in akwai gambar da za ka mayar, ka mayar da ita tun mai gonar yana da idon gani.