Ranar da Na Tashi Sama Ina Ɗaure da Bedi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, ko ni na so in manta ma, mutanen Agiye ba za su bari ba. Har yanzu in aka tada moto a bayana sai na yi tsalle gefe.

Yayana Isufu mai walda ne, kuma shi ne wanda kuka ji ana cewa yana ƙera jirgin sama a bayan gidansu. To, gidanmu ne. Jikin jirgin kwanon rufi ne da bututun ƙarfe, injinsa na moto mai taya biyu, farfelarsa wani masassaƙin turmi ya sassaƙa. Kujerar direba ta roba ce, irin ta gidan suna, an yanke mata ƙafafu (Inna har yau cigiyarta take). Kullum ɗaure yake da igiya a gindin iccen bedi don kada yara su tura shi titi.

Matsalarsa ɗaya, hancinsa ya cika nauyi. Batirin na zaune gaba kusa da injin, da an tura jirgin sai ya dungura kamar rago mai neman faɗa. Ni kuwa da na kai lise, babbar sakandare, na kuma taɓa cin maki mai kyau a fizik (sau ɗaya, makon da aka yi wa mushe, malaminmu, haihuwa yana cikin farin ciki), sai na riƙe ƙugu na ce, "Yaya, ai lissafi ne. Ka cire mazaunin batirin ka mai da shi can wajen wutsiya."

"Wutsiya ba ta yi nisa ba?"

"Ni da kai wa ya yi fizik?"

Ya ɗauko abin yankan ƙarfe.

A ranar ne kuma Gwaggo Rabi za ta zo daga Cadawa. Ita ce yayar baban Habu, malamin lakol, wato makarantar boko, wanda ya daɗe yana zuwa zance wurina ina ja mishi aji, ko murmushi sai na auna nake ba shi, alhali Zuwaira maƙwabciyarmu ma na harinsa. An ce za ta zo gaida Inna ne, amma kowa ya san ni za ta duba, kuma a gidansu in ta ce yarinya ba ta da natsuwa, magana ta mutu. Tun da safe Inna ta ja min kunne: "Yau ki yi kamar an ɗinke miki baki." Sai bayan la'asar muke tsammanin Gwaggo. Ashe motar kasuwa ta cika da wuri.

Yaya ya yanke mazaunin, ya ƙara tsawon waya, ya ɗaure batirin a wutsiya da robar taya kafin ya yi walda. Ya ce, "Shiga ki zauna in ga ko ya daidaita, ke ce marar nauyi. Ki danna na hagu mu ga ko wuta na zuwa."

Na shiga da sabuwar atamfata da lalle, ina jin kaina kamar matar gwamna. Maɓallai biyu ne. Hagunsa yake nufi, yana fuskantata. Ni na danna hagun kaina.

Injin ya yi tari, ya kama. Farfela ta juya, iska ta fizge ɗankwalina. Yaya, da ke tallabe da wutsiyar, ya sake ta ya yi tsalle gefe. Nauyin batirin nan da na ba da shawara ya ja wutsiya ƙasa, tim! Hanci ya ɗaga. Katanga ta ɓace, rumbu ya ɓace, ba na ganin komai sai sararin Allah da wata shirwa tana shawagi.

Na ce shi ke nan, na tashi.

Na runtse ido, na rungume kujera. Na yi kalmar shahada, na sake yi don kada ta farko ba ta fita daidai ba. Jirgin na ta kakkarwa, ni kuma a lissafina mun wuce garin Gazawa. Sai na tuna mai mutuwa yana barin wasiyya, na buɗe maƙogwaro yadda za a ji ni daga ƙasa:

"Inna ki yafe min! Ku gaya wa Habu ina son shi! Wallahi tun ranar farko! Jan aji ne kawai! Kada ya auri Zuwaira, ba ta iya tuwo ba!"

Abin da ban sani ba, babu mai a tanki, ɗan ragowar da ke cikin injin ne ya kama, kuma ya ƙare tun ina wajen "Inna". Sauran duka cikin tsit na zuba shi, har da maimaici.

"Ke, Balki." Muryar Yaya, dab da kunnena. "Sauko."

"Mun kai ina?"

"Gindin bedi."

Na buɗe ido ɗaya. Igiya na nan ko miƙewa ba ta yi ba. Awaki na tuƙa. Matan maƙwabta sun jeru a kan katanga. Inna ta rufe fuska da gyale. Kusa da ita wata dattijuwa ce da jakar tafiya a hannu, ɗankwalina ya sauka a kafaɗarta.

Da rarrafe na sauko. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, sannu da zuwa."

"Ke za a yi wa sannu da zuwa, ɗiyata," ta ce. "Ni daga Cadawa kawai nake. Ya hanya?"

Katanga ta kwashe da dariya. Ta miƙo min ɗankwalin, ta juya wajen Inna: "Natsuwa dai ban gani ba, Hajiya. Amma yarinyar da shahada ta fara zo mata a baki, sannan uwarta, sannan ɗanmu, jerin ya yi min. Zuwairar ce dai sai ku je ku ba ta haƙuri."

An sa rana. Habu kuma yanzu in na ɗaure fuska sai ya ce, "Tun ranar farko, ko?" Zuwaira ba ta amsa gaisuwata. Yaya ya mai da batirin bayan kujera, bai kuma tambayar ra'ayina ba.

Abin da na koya shi ne, kafin ka yi wasiyya da ƙarfi, buɗe ido ka leƙa ƙasa tukuna. Mutuwa tana rufa asiri, amma wanda ya rayu shi zai je kasuwa gobe.