Ahorita a Dogon Marke

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe tara da kwata na safe, Baba Ishaya ya yi fassarar da ta kusa raba shi da kujerarsa. Shi ne tafintan Dogon Marke. Turancinsa na makarantar mishan ne, mai guga da sitati. Sifaniyanci kuwa a Panya ya samo shi, tsibirin da ya yi aikin gonar koko yana saurayi. Shekara da shekaru ba wanda ya nemi wannan harshe a wurinsa, har ya koma yi wa akuyarsa magana da shi don kada ya yi tsatsa. Kwatsam sai kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ya turo wani injiniya ɗan ƙasar Meziko, wai shi Ramiro. Dagaci ya sa aka ajiye wa Baba kujera a damansa, ya kuma ja masa kunne: kuskure ɗaya, kujerar ta koma hannun hedimasta, wanda ke fassara da wayar salula.

Gari ya taru a bakin famfo, mata da bokitai, makaɗa da kalangu. Dagaci ya ce a tambayi baƙo yaushe ruwa zai fito. Injiniya ya leƙa famfon, ya ce akwai wani ƙarfe da zai ɗauko a birni. Ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Ahorita." Ya faɗa mota ya tafi.

Baba ya miƙe, ya gyara wuyan kwat ɗinsa.

"Ranka ya daɗe, ahora ita ce yanzu. Ahorita kuwa 'yarta ce, ƙaramar yanzu, wato yanzu-yanzun nan. Da Turanci presently ake cewa."

"To, kada kowa ya motsa," in ji Dagaci.

Ba wanda ya motsa har azahar. Daga nan makaɗa suka rataya kalangu, mata suka ɗora bokitai a ka suka nufi rafi kamar kullum. Hedimasta ya matso, yana shafa fuskar wayarsa.

"Baba, ba don na raina ka ba. Waya ta ce a Meziko wannan kalma tana kamawa daga minti biyar har zuwa ranar tashin ƙiyama."

"Ni da mutanen Sifen na zauna, yaro," in ji Baba, idonsa a kan hanya. "Su in sun ce ahora, bulala tana biye."

"To ai wannan ba ɗan Sifen ba ne."

Baba dai yana jin kujerar tana ƙara tauri a ƙarƙashinsa.

Da la'asar sakaliya, waɗanda suka rage a bakin famfo su ne Dagaci, da Baba, da hedimasta da wayarsa, da wata tsohuwa kurma da ba ta ji an watse ba, sai akuyar Baba, wadda ta biyo sahunsa tun hantsi.

Dagaci ya juyo, rai a ɓace.

"Ishaya, ka shanya ni a rana gaban talakawana. Waɗanne irin mutane ne waɗannan, mutum ya ce yanzu, ya tafi, a neme shi a rasa? Ko ka ba ni Hausar kalmar nan daidai kafin magariba, ko ka tashi ka ba hedimasta wuri."

Ya kaɗe babbar riga, ya zura takalmi, ya kama hanyar gida. Da ya yi ɗan nisa sai ya waiwayo.

"Ku jira ni nan. Ina zuwa."

Baba ya cire hula, ya rusuna.

"Ita ke nan, ranka ya daɗe. Ashe kai ma ka yi zaman Meziko."